Abin da Littattafan Bincike Suke Koyarwa Kan Cin Zarafi a Gidan Aure

Cin zarafi a gidan aure yana cikin laifuffukan da aka fi aikatawa a duniya, kuma yana cikin waɗanda aka fi rufa wa asiri. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, kashi 27 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa aure ko zama da namiji sun sha duka ko tilastawa a shimfiɗa daga hannun abokin zamansu. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu, samarinsu ko danginsu, wato mutum 140 a kowace rana.

Da yake abin a ɗaka yake faruwa, kuma wadda ya shafa ba kasafai take buɗe baki ba, mafi yawan abin da aka sani a kansa ta hanyar rubutu ya fito. Tun daga shekarun 1970 masu nazarin halayyar ɗan Adam, likitoci, 'yan jarida, ma'aikatan gidajen mafaka da matan da suka tsira da ransu suke rubuta littattafai na gaskiya, ba ƙagaggun labarai ba. Waɗannan littattafai sun sauya tambayar da ake yi. A da, abin da ake tambaya shi ne me matar ta yi har aka dake ta, ko me ya hana ta barin gidan. Yanzu abin da masana suke bincika shi ne yadda mutum ɗaya yake mallake rayuwar wani, da alamomin da suke nuna cewa rai yana cikin haɗari.

Littattafan farko

A 1971 Erin Pizzey ta buɗe gidan mafaka ga matan da mazajensu suke duka a unguwar Chiswick ta birnin Landan. Matan da suka cika gidan sun ba ta labaransu, ita kuma ta tattara su a littafin Scream Quietly or the Neighbours Will Hear, wanda ya fito a 1974. Littafin ya nuna wa mutanen Ingila cewa matan lauyoyi da na likitoci ma suna shan duka kamar matan leburori, kuma 'yan sanda da kotuna suna ɗaukar lamarin a matsayin rigimar cikin gida da ba ruwansu da ita.

A 1979 littattafai biyu masu tasiri suka fito. Rebecca Dobash da Russell Dobash sun buga Violence Against Wives bayan bincike a Sukotland, inda suka danganta dukan mata da tsohon tsarin doka da al'ada da ya ba miji iko a kan jikin matarsa da dukiyarta. A Amurka kuma Lenore Walker ta fitar da The Battered Woman, wanda ya kawo bayanin da ya fi shahara, cewa cin zarafi zagaye yake yi a matakai uku. Da farko zaman yana yin tsami, maigida yana ta ƙorafi da hantara, matar tana ta lallaɓawa. Sai abin ya fashe da duka. Daga nan sai nadama da ban haƙuri, da kyauta, da rantsuwar ba za a sake ba. Wannan mataki na uku shi yake riƙe mace, domin a cikinsa take sake ganin mutumin da ta aura, ta sa rai cewa ya shiryu.

Walker ta kuma aro wani ra'ayi daga gwaje-gwajen da Martin Seligman ya yi da karnuka a shekarun 1960, cewa halittar da aka daɗe ana azabtarwa ba tare da mafita ba takan daina neman kuɓuta. An soki wannan ɓangare na aikinta. A 1988 Edward Gondolf da Ellen Fisher suka nazarci bayanan dubban matan da suka shiga gidajen mafaka a jihar Texas, suka gano cewa yayin da duka yake ƙaruwa, neman taimakon matan ma ƙaruwa yake yi. Suna zuwa wurin dangi, 'yan sanda, malaman addini da asibiti, sai dai a sallame su hannu rabbana. A nazarinsu, gazawar ta waɗanda aka kai wa kuka ce.

Mallaka kafin duka

Babban darasin da littattafan da suka biyo baya suka ƙara shi ne cewa duka reshe ɗaya ne na wani tsari mai faɗi. A garin Duluth na jihar Minnesota, Ellen Pence da Michael Paymar da abokan aikinsu sun zauna da matan da aka ci zarafinsu a farkon shekarun 1980, suka zana dabarun da mazajen suke amfani da su: tsoratarwa, wulaƙanci da gori, raba mace da danginta da ƙawayenta, ƙaryata abin da ya faru ko ɗora mata laifi, amfani da 'ya'ya wajen juya ta, taƙama da cewa shi ne namiji, riƙe kuɗi, da barazana. Wannan zane ya zama abin koyarwa a ƙasashe da dama.

Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, ta faɗaɗa maganar a littafinta Trauma and Recovery na 1992. Ta nuna cewa raunin zuciyar da ake gani a jikin sojan da ya dawo daga yaƙi ko fursunan siyasa, shi ake gani a jikin matar da ta daɗe a hannun azzalumin miji: firgita, rashin barci, mugayen mafarkai, yawan mantuwa da raina kai. Ta ce warkewa tana da matakai uku, kuma na farko shi ne samun aminci, sannan tuna abin da ya faru da jimaminsa, sannan komawa cikin jama'a. Ma'anar wannan jeri ita ce nasiha da lallashi ba sa warkar da wadda har yanzu take kwana da tsoro.

'Yar jaridar Ostiraliya Jess Hill, a littafinta See What You Made Me Do na 2019, ta bi asalin wannan fahimta zuwa binciken da Albert Biderman ya buga a 1957 kan yadda aka karya zukatan sojojin Amurka da aka kama a Yaƙin Koriya. Biderman ya gano cewa ba azabar jiki ce ta fi aiki ba. Abin da ya fi karya su shi ne kaɗaitawa, hana barci, barazana, ƙasƙantarwa, tilasta bin ƙananan dokoki marasa ma'ana, da ɗan sassauci jefi-jefi. Hill ta nuna cewa mazaje masu cin zarafi a ƙasashe daban-daban suna bin kusan waɗannan hanyoyi, alhali ba wanda ya koya musu.

Evan Stark ne ya tattara wannan ra'ayi a littafinsa Coercive Control na 2007. Hujjarsa ita ce doka tana ƙirga duka ɗaya bayan ɗaya, tana auna kowane da girman rauninsa, saboda haka mari sau ɗari a shekara yakan zama ƙananan laifuffuka ɗari da ba a hukunta ko ɗaya ba. Ita kuwa matar, rayuwarta gaba ɗaya ce aka ƙwace: wanda za ta gaisa da shi, abin da za ta sa, lokacin da za ta kwanta, kuɗin da za ta taɓa, wayar da ake bincikewa kullum. Stark ya ɗauki wannan a matsayin tauye 'yancin ɗan Adam. Aikinsa ya yi tasiri a doka. A 2015 Ingila da Wales suka mayar da mallaka ta hanyar tursasawa laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 5, Sukotland kuma ta yi tata dokar a 2018.

Tunanin mai cin zarafi

Ɗaya daga cikin littattafan da matan da abin ya shafa suke miƙa wa juna shi ne Why Does He Do That? na Lundy Bancroft, wanda ya fito a 2002. Bancroft ya shafe shekaru yana aiki da mazajen da suke cin zarafin matansu, har da shirin Emerge na jihar Massachusetts da aka kafa a 1977. Abin da ya fahimta daga zama da su shi ne cewa matsalar tana cikin tunaninsu. Mutumin ya yarda a ransa cewa yana da haƙƙin a yi masa hidima ba musu, kuma yana da haƙƙin hukunta wadda ta saɓa.

Bancroft ya bi uzurorin da aka saba bayarwa ɗaya bayan ɗaya. Ana cewa zuciya ce ta ɗebe shi, amma mutumin da ya ce idonsa ya rufe kayan matar yake fasawa, nasa suna nan lafiya. Yakan zaɓi inda zai daka don kada a ga tabo, kuma da zarar an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya natsu. Ana cewa giya ce ko ƙwaya, amma mashaya da yawa ba su taɓa ɗaga wa mace hannu ba, masu duka da yawa kuma ba sa shan komai. Maye yana ƙara munin dukan ne kawai. Ana cewa talauci ne ko matsin aiki, amma mutumin bai taɓa marin shugabansa a ofis ba. Marubucin ya kuma yi gargaɗi kan zaman sulhu da ake haɗa miji da mata wuri ɗaya a raba musu laifi. A inda tsoro ya shiga, matar ba za ta iya faɗin gaskiya a gabansa ba, idan kuma ta faɗa, za ta biya kuɗin maganarta a gida.

Alamomin da suke gabatar kisa

Ɓangaren da ya fi amfanin gaggawa a wannan fanni shi ne na gane haɗari. Jacquelyn Campbell, malamar aikin jinya a Jami'ar Johns Hopkins, ta ƙirƙiro jerin tambayoyi tun a shekarun 1980 don auna yiwuwar miji ya kashe matarsa. Binciken da ta jagoranta a birane 11 na Amurka, wanda aka buga a 2003, ya nuna cewa idan mai cin zarafi yana da bindiga, haɗarin kisa yana ninkawa kusan sau 5. Wani binciken na 2008 ya nuna cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙe mata wuya tana cikin haɗarin kisa da ya ninka na sauran fiye da sau 7, ko da shaƙewar ba ta bar tabo ba. Sauran alamomin sun haɗa da barazanar kisa, barazanar kashe kansa, tilastawa a shimfiɗa, duka lokacin da take da ciki, matsanancin kishi da bibiya, da rabuwa ta kwanan nan.

Rachel Louise Snyder ta kai wannan ilimi ga masu karatu na gama-gari a littafin No Visible Bruises na 2019. Ta bi labarin wata matashiyar uwa a jihar Montana wadda mijinta ya kashe ta tare da 'ya'yansu biyu a 2001, sannan ya kashe kansa. Matar ta taɓa kai ƙara, daga baya ta janye bayan an ba da belinsa. Waɗanda suka ga janyewar sun ɗauka ƙarya ta yi tun farko ko kuma sun shirya. Snyder ta nuna cewa janye ƙara sau da yawa lissafi ne na mai neman tsira: ta ga hukuma ba za ta iya tsare ta ba, sai ta koma lallaɓa wanda take tsoro.

A Ingila, Jane Monckton Smith, tsohuwar 'yar sanda da ta zama farfesa a Jami'ar Gloucestershire, ta nazarci kisan mata 372, ta fitar da matakai 8 da ta bayyana a littafin In Control na 2021. Mutumin yana da tarihin mallake mata ko bibiyarsu. Soyayyar tana tafiya da gaggawa. Mallaka ta kafu. Wani abu ya girgiza ikonsa, galibi yunƙurin rabuwa. Matsin ya ƙaru. Tunaninsa ya juya zuwa ɗaukar fansa. Ya yi shiri. Ya aikata. Wannan jeri ya rushe zancen cewa irin wannan kisa tsautsayi ne na fushin minti ɗaya, ya kuma nuna cewa lokacin barin gida da watannin da suka biyo baya su ne mafi haɗari. Saboda haka masana suke cewa a tsara fitar a asirce, da sanin wanda aka amince da shi.

Muryar waɗanda abin ya shafa

Littattafan tarihin rayuwa suna ba da abin da alƙaluma ba sa bayarwa, wato yadda abin yake a cikin zuciya. Natasha Trethewey, wadda ta riƙe matsayin mawaƙiyar ƙasa ta Amurka daga 2012 zuwa 2014, ta rubuta Memorial Drive a 2020 kan mahaifiyarta da tsohon mijinta ya harbe a Atlanta a 1985, bayan ta rabu da shi, ta kuma sha kai ƙararsa. Kiranjit Ahluwalia, 'yar asalin Indiya da ke zaune a Ingila, ta cinna wa mijinta wuta a 1989 bayan shekara 10 tana shan azaba, ya mutu. An yanke mata ɗaurin rai da rai, amma a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, aka sauya laifin zuwa kisa ba da cikakken ganganci ba. Labarinta ya fito a littafin Circle of Light da ta rubuta tare da Rahila Gupta.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin irin wannan rubutu daga Birazil ya fito. A 1983 mijin Maria da Penha, masaniyar haɗa magunguna a birnin Fortaleza, ya harbe ta a baya tana barci, ta shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa. A 1994 ta buga littafin labarinta, ƙungiyoyi suka kai maganar gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka, wadda a 2001 ta ɗora wa gwamnatin Birazil laifin sakaci. An kama mijin a 2002, shekara 19 bayan harbin. A 2006 ƙasar ta kafa dokar yaƙi da cin zarafi a cikin gida, aka sa mata sunan Maria da Penha.

Yara ma suna da nasu kaso a wannan rubutu. Binciken da Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta a Amurka kan mutum fiye da 17,000, wanda aka fara buga sakamakonsa a 1998, ya sa ganin ana dukan uwa cikin masifun ƙuruciya da suke da alaƙa da ciwon zuciya, shaye-shaye da ciwon damuwa bayan an girma. Wannan ya raunana hujjar da ake yawan kafawa, cewa mace ta zauna ko ta halin ƙaƙa saboda 'ya'yanta.

Inda marubutan suka saɓa

Mai karatu zai tarar marubutan ba bakinsu ɗaya ba. Murray Straus, Richard Gelles da Suzanne Steinmetz, a littafin Behind Closed Doors na 1980, sun ba da rahoton cewa a binciken gidajen Amurka mata suna kai wa maza hannu kusan daidai da yadda maza suke kai musu. Ma'aikatan gidajen mafaka da asibitoci kuwa suka ce kusan duk waɗanda suke gani da munanan raunuka mata ne. Michael Johnson ya warware wannan saɓani a littafinsa na 2008, A Typology of Domestic Violence, inda ya nuna cewa abubuwa daban ake ƙirgawa. Akwai faɗan da yake tashi daga gardama ya kai ga doke-doke ba tare da wani ya mallake wani ba, kuma maza da mata duk suna yin sa. Akwai kuma mulkin tsoro da ɓangare ɗaya yake shimfiɗawa, wanda galibi maza ne suke yi. Akwai na uku, wato ramuwar wadda aka kai bango. Bambance su yana da muhimmanci, domin sulhun da zai gyara na farko yana iya jefa rai cikin haɗari a na biyu. Maza ma ana cin zarafinsu, kuma kunya takan hana su magana.

Kowane irin littafi yana da iyakarsa. Tarihin rayuwa labarin mutum ɗaya ne. Aikin Bancroft ya dogara ne da gogewarsa, ba da ƙididdiga ba. Zagayen Walker bai dace da kowane gida ba, domin wasu matan ba su taɓa ganin ranar ban haƙuri ba. Alƙaluman bincike kuma kullum ƙasa suke da gaskiya, tunda ba kowace mace ce za ta faɗa wa baƙo sirrin ɗakinta ba. Sannan yawancin littattafan a Amurka, Birtaniya da Ostiraliya aka rubuta su, inda ake da gidajen mafaka, layukan wayar agaji da tallafin gwamnati.

Karanta su a ƙasar Hausa

Tsarin da littattafan suka bayyana ba baƙo ba ne a nan, ko da yake sifarsa takan bambanta. Hana kuɗin cefane don horo, hana zuwa asibiti ko gaida iyaye, ƙwace jarin sana'a ko kuɗin adashe, barazanar saki ko ƙwace 'ya'ya, duk suna cikin abin da Pence da Stark suka lissafa. Mace ta yi yaji, a zo biko da ban baki da alkawari, a ce mata “ki yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne”, ta koma, bayan wata biyu a maimaita: wannan shi ne zagayen da Walker ta zana, sai dai a nan dangi ma suna cikinsa. Karin maganar da ake kawowa, cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ta dace da saɓani na yau da kullum, ba ta dace da gidan da ake shaƙe wuya ba.

Akwai rubutun cikin gida da ya kamata a haɗa da na waje. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi na jiki, na shimfiɗa ko na zuciya daga miji, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba. Kashi 28 cikin 100 na matan da aka tambaya sun yarda cewa miji yana da hujjar dukan matarsa a kan wasu dalilai, kamar ƙona abinci ko fita ba izini.

Dokoki ma abin karantawa ne. Sashe na 55 na tsohon kundin hukunta laifuffuka na Arewa ya ƙyale miji ya hori matarsa muddin al'adarsu ta yarda kuma bai yi mata mummunan rauni ba. Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015, wadda ta fara aiki a Abuja kafin mafi yawan jihohi su karɓe ta, ta haramta dukan abokin aure, korarsa daga gida da ƙarfi, raba shi da dangi, tauye shi ta fuskar kuɗi, da yin watsi da iyali ba ci ba sha, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a kotunan shari'a, mace tana da damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil. Ya kuma tabbata a Sahihu Muslim daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Mai son bin tarihin muhawarar malamai kan aya ta 34 a Suratun Nisa'i zai same shi a littafin Ayesha Chaudhry, Domestic Violence and the Islamic Tradition, na 2013.

Marubutan ƙagaggun labarai na Hausa sun daɗe suna taɓo wannan matsala, kamar yadda Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora tare da 'ya'yanta. Littattafan bincike kuwa yawancinsu da Turanci suke, alhali waɗanda ake fara kai wa ƙara, wato iyaye, waliyyai, masu unguwanni, limamai, 'yan Hisba, ungozomomi da ma'aikatan jinya, da Hausa suke aikinsu. Fassara wannan ilimi da rubuta sabo daga kotuna da asibitocin ƙasar Hausa aiki ne da yake jiran marubuta da jami'o'i. Kafin nan, darussa uku da littattafan suka haɗu a kansu sun isa a fara aiki da su: a saurari mai ƙorafi ita kaɗai, ba a gaban wanda take tsoro ba, a tambayi yadda zaman yake gaba ɗaya, ba girman raunin ranar kawai ba, kuma idan an ji labarin shaƙe wuya, makami ko barazanar kisa, a fara tsare rai kafin a yi maganar biko.